Injiniyan da Ya Rushe Zaure

"Ku ba ni wata shida," in ji Malam Zailani, "in Ƙofar Kuyambana ba ta koma kamar Legas ba, ku daina ce mini Injiniya."

To, kai ma ka sani, ba wanda ya raɗa masa wannan suna sai shi kansa. Masinja ne ya yi shekara ashirin a wani ofishin tsara gari a Kaduna, yana ɗaukar takardun zane daga tebur zuwa tebur. Da ya yi ritaya a 1989, sai ya dawo gida da biro uku a aljihu da buri ɗaya a zuciya: Mai Unguwa ya naɗa shi shugaban kwamitin raya unguwa.

Don ya nuna gwaninta, ya ce da gidansa zai fara. A rushe zauren kakansa, a jera shaguna uku a gaba, iyali su zauna a baya.

Ya'u magini ya juya zanen sama, ya juya shi ƙasa. "Malam, ta ina za a riƙa shiga gida?"

"Ta cikin shagon tsakiya mana. Zaure ɓarnar fili ne, Ya'u. Kai dai kwaɓa siminti, ka bar wa masu ilimi tunani."

Aka gama gini, aka sa ƙofofin ƙarfe. Sani tela ya kama shagon tsakiya, a nan yake ɗinki, a nan yake kwana.

Dattawan da ke haɗuwa cin tuwo a zauren suka rasa wurin shimfiɗa tabarma, suka koma zauren maƙwabcinsa Malam Sabo. Gogan naka ya ce ai ci gaba ba ya son zaman banza.

Sai matan gidan suka ƙi bi ta shagon. Wace matar aure ce za ta ratsa ta tsakanin samari masu jiran ɗinki? Batulu, uwargidansa, ba ta yi gardama ba. Ta sami taɓarya ta huda katangar baya, ta yi 'yar kafa zuwa tsakar gidan Malam Sabo. Da Malam Zailani ya gani, sai ya taɓe baki.

"Wannan ramin ba ya cikin zane."

"Mu ma ba ma cikin zanen, Malam," in ji ta.

Ana nan Mai Unguwa ya aiko cewa ranar Asabar da hantsi zai zo ya ga aiki da idonsa kafin ya yanke shawara. Ranar, Injiniyan bogi ya sha wanka, ya zuba babbar riga mai sitaci, ya jera birukansa. Ya shiga shago, ya tura ƙofar waje, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ashe Sani ya yi sammakon Kano sayen yadi, ya danna ƙaton kwaɗo ta waje saboda kayan mutane.

Can ya jiyo muryar Mai Unguwa yana sallama. Sau uku. Daga nan ya ji ana cewa a je zauren Sabo a jira.

Kunya ta kama shi tun kafin kowa ya gan shi. Ya koma cikin gida, ya dubi ramin katanga, ya dubi Batulu.

"A durƙushe ake bi," in ji ta. "Ka cire hular."

Kai ya wuce, kafaɗu suka wuce, tumbi ya ce atafau. Batulu na turawa ta baya, shi kuma yana rangaɗa sallama a rarrafe don matan gidan Sabo su kauce. Da ƙyar ya fita, riga ta yage, biro ɗaya ya rage.

Haka ya ɓullo zaure ta cikin gidan mutane, jar ƙasa har gira. Mai Unguwa ya dube shi sama da ƙasa.

Malam Sabo ya gyara masa gefen tabarma. "Bismilla, Injiniya, zauna ka huta a ɓarnar filin namu."

A nan take aka ba Ya'u magini shugabancin kwamiti.