Yadda Za Ka Gano Maɓoyar Kifi a Rafin Surukai

Ɗan'uwa, idan aure ya kai ka ƙauyen kan dutse, inda kowane namiji yake shiga rafi har ƙugu ya fito da pastrmka, kifin nan mai jan ɗigo-ɗigo da ba ya zama sai a ruwan sanyi, kai kuwa iyakar saninka zama kan kujera a bakin tafki kana gyangyaɗi, to ka zo wurin gwani. Ni Obrad, mutumin Sombor, na ɗaukar maka alkawari: ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka koma gida da kifi a jaka.

Mataki na ɗaya: Ka fara da cika baki

Kada ka kusanci ruwa sai ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka. Surukina Gvozden ba shi da ɗa namiji, sai Zorka da nake aure. Tun da na shigo gidan bai taɓa kiran sunana ba, sai Ɗan Taɓo, wai a garinmu kifi a taɓo yake kwana. Ranar bikin waliyyin gidansu, idan aka zo al'adar juya burodin biki ana addu'a, mazan gida ne ke sa hannu, ni kuwa a tura ni aro kujeru a maƙwabta. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba.

Bikin yana faɗowa cikin azumin coci, babu nama sai kifi, kuma kowace shekara Gvozden ne ke kamo shi daga wani wuri da bai taɓa nuna wa kowa ba. Saura mako guda na ce, "Baba, bana ka huta, ni zan kawo kifin biki."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗan Taɓo, ruwanmu tafiya yake yi fa. Ba ya jiran mutum ya farka daga barci."

Mataki na biyu: Ka sayi kaya

Wandon roba mai kaiwa ƙirji, sanda mai lanƙwasa, hula, da ƙudajen ƙarya na gashin zakara da ake sa wa ƙugiya, a cikin ɗan akwati. Kifi ba ya duba su, amma mutane suna dubawa. Zorka ta gan ni a tsakar gida sanye da su, ta koma ɗaki ta rufe ƙofa, ina jin dariyarta ta taga.

Mataki na uku: Ka tambayi 'yan gari

Ka shiga shagon gahawa, ka saya wa kowa kofi guda, ka yi tambaya cikin ladabi. Za a amsa maka da fara'a, kuma kowa ƙarya zai yi maka. Ba mugunta ba ce, haka aka gada: a nan mutum ya fi yarda ya ara maka motarsa da ya nuna maka inda yake jefa ƙugiya.

Wani mai gashin baki ya ce, "Ƙarƙashin gada, suruki, har ture juna suke yi." Na je, na tarar da shanu suna shan ruwa. Wani ya ce bayan tsohon injin niƙa. Can na gane yana da rigima da mai gonar wajen, yana so ne ya gwada ko karen mutumin yana cizo har yanzu. Yana cizo.

Mataki na huɗu: Ka karanta ruwa da kanka

Masana sun ce kifin nan yana laɓewa bayan babban dutse, ko ƙarƙashin saiwar bishiya, ko inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya. Gaskiya ne. Abin da ba su ce ba shi ne rafin duka haka yake tun daga sama har ƙasa.

Ka shiga a hankali kana fuskantar inda ruwa ke fitowa. Duwatsun suna da santsi kamar sabulu. Idan ka zame, wandon roba zai cika da ruwan da ya narke daga ƙanƙara, kuma a nan za ka tuna sunayen waliyyai da ba ka san ka haddace ba. Haka na kwashe makon. Na kama reshe, na kama hulata sau biyu, na kama mura.

Mataki na biyar: Ka bi tsoho

Idan ilimi ya ƙare, sai kunya ta ƙare. Da safiyar jajibirin biki na ga Gvozden ya saɓa sandarsa ya fita ta ƙofar baya. Na bi shi daga nesa, ina laɓewa bayan bishiyoyi, wandona yana ƙara da kowane taku.

Ya wuce gada. Ya wuce injin niƙa. Ya wuce wani wuri mai zurfi da inuwa wanda ko ni na san na kifi ne, bai ko waiwaya ba. Sai a lokacin na lura da tafiyarsa: yana ɗan tsayawa yana dafa gwiwa, abin da ba ya yi a gaban mutane. Can ya ratsa ta cikin ciyawa mai ƙaiƙayi, ya tura wata ƙaramar ƙofar waya. Gidan kiwon kifin wani mai suna Vukota ne, amma ta baya.

Mataki na shida: Idan an gan ka, kada ka gudu

Da wandon roba ba a gudu, na gwada. Atishawa ce ta tona ni. Vukota yana riƙe da koma a bakin wani ɗan kududdufi da ya ware, cike da masu jan ɗigo, Gvozden yana nuna masa waɗanda yake so da kan sanda. Muka tsaya muna kallon juna.

Vukota ya ce, "Gvozden, wannan naka ne, ko in saki kare?"

Gvozden ya sauke sandar, har na ji tausayinsa. Sannan ya ce mini, "Kana zaton zan bar baƙina su ci burodi da albasa saboda alkawarinka?"

"Baba, nan ne wurin?"

"Nan ne wurin tun da gwiwa ta ƙi." Ya zauna kan bokiti. "Rafin can na san shi dutse-dutse. Shiga ne ba na iyawa. Wa zan gaya wa? Waɗancan na shagon gahawa?"

Na ce ni ban ga komai ba, mura ta rufe mini ido.

Vukota ya ɗauko ƙugiya yana huda leɓen kowane kifi don a zaci a rafi aka kamo su, a cewarsa wannan kyauta ne ga tsofaffin abokan ciniki.

Mataki na bakwai: Ka jiƙa wando

Wannan shi ne sirrin sana'ar. A hanyar komawa akwai wani wuri marar zurfi. Gvozden ya dafa kafaɗata, muka shiga tare har ruwa ya kai mana gwiwa. Ya tsaya ya daɗe, ya fi abin da jiƙa wando ke bukata, yana kallon ruwan yana wucewa. Sannan ya nuna wani dutse da haɓa. "Ka ga wancan? Akwai babba a bayansa. Baɗi zan zauna a gaɓa in riƙa gaya maka inda za ka taka."

Muka ratsa ta gaban shagon gahawa muna ɗiga. Mai gashin baki ya leƙo. "A ina?"

Kafin tsohon ya buɗe baki na ce, "Ƙarƙashin gada. Har ture juna suke yi."

Mataki na takwas: Ka karɓi yabo da fuskar da ta dace

Washegari gida ya cika, an kunna kyandir, ni har na nufi ƙofa zan je aro kujeru. Sai na ji Gvozden ya ce, "Obrad, ina za ka? Zo ka sa hannu." Na waiwaya don in ga ko akwai wani Obrad. Muka juya burodin tare, muka raba shi.

Da yamma surukata Stamena ta kira ni kicin, ta miƙo mini faranti a rufe da tawul. "Kai wa Vukota rabonsa. Ka ce na bana sun fi na bara ƙiba." Ta gyara tawul ɗin. "Ta ƙofar baya za ka fita, kada tsohon ya gani. Yana zaton ban sani ba."

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan ya sha cizon kare, ko ya kwana yana tari, ko matarsa ta yi masa dariya ta taga, babu hannuna a ciki, kuma idan aka tambaye ni zan ce ban san wani Vukota ba. In kuma ka bi naka surukin ka tarar gwiwarsa lafiya lau, yana tsakiyar rafi yana kama kifi da gaske, to ba ni da shawara. Ka je ka aro kujeru.