Gwiwar Alhaji Sharfaddeen

Allah Ya yi wa Daura baiwa biyu: rijiyar Kusugu da gwiwar Alhaji Sharfaddeen, babban dillalin shanu. Ta biyun ma ta fi samun baƙi. Tun da likitocin Kano suka cire masa tsohuwar da ciwo ya cinye suka dasa ta ƙarfe, ba mai shiga zaurensa ya fita bai ga hoton ƙashin ba, ga shi nan rataye a bango cikin gilashi. Mutanen gari, da yake sun san daraja, suka naɗa shi Sarkin Gwiwa.

Likita ya ce kullum a lanƙwasa ƙafar a miƙe, in ba haka ba za ta ƙage. Aka turo Malama Raihana, mai koyar da motsa gaɓoɓi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, lanƙwasa."

Alhaji ya gyara rawani. "Yarinya, shekara arba'in ni ake durƙusa wa. Gwiwata daga Jamus ta zo da iliminta. Je ki koya wa masu ta gargajiya."

Ta tafi. Ƙarfen dogarawa kuwa ya ba wa mata suna shanya a kai.

Wata uku Sarki na kan kujera, ƙafa miƙe kamar muciya. Ya ce ai haka ƙafar manya take. Sannan ya sa aka yi shela: ranar kasuwa zai taka har kara, talakawa su ga aikin Bature.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maroƙi a gaba, jama'a a baya, Sarki ya yi taku ashirin yana jan ƙafa, ya iso bakin kwata. Kwatar da akuya ke tsallakewa tana tuƙa. Ya umarci gwiwa ta lanƙwasa. Da alama ba ta jin Hausa. Sai ga Sarki zaune cikin ruwan wanke-wanke, rawani na bin kwata.

A kurar mai ruwa aka maido shi gida.

Uwargida, Hajiya Saudatu, ta kira Malama Raihana a waya, sannan ta kawo ruwan zafi. Alhaji na nishi ya ce, "Likitocin nan sun cuce ni."

Ta ce, "Sun cuce ka kam, Alhaji. Gwiwa suka canja, suka bar maka tsohon kai."