Gwankin da Baraka Ta Saki

"Lafiya lau, amarya. Ya na same ku?"

"Ka same mu garau. Kai ne dai na ga kamar yanzu aka tono ka."

Ba ƙarya ta yi ba. Ɗantani, malamin firamare a Kiru, ya ƙarar da hutunsa kaf a bakin dajin Falgore yana fakon gwanki da wata tsohuwar kyamara. Tsando ya cije shi, kaska ta sha rabonta, wandonsa duk ƙarangiya. Motar itace ce ta sauke shi a Doguwa, ya ja jiki ya zube a tabarmar kakarsa Baraka. Jikinsa ya mutu murus, amma zuciyarsa fari ƙal, don jiya da hantsi gwanki ya fito shan ruwa, ya ɗauke shi hoto sau ɗaya tak kafin ya zura. Hoton yana cikin fim, fim yana cikin kyamara, sai an kai Kano an wanke.

"Ina naman?" in ji Baraka.

"Wane nama?"

"Mijin kowa ya shiga daji ya dawo da cinya, nawa ya dawo da kaska."

"Da me za ki ci? Haƙori biyu gare ki, su ma ba sa ga maciji da juna."

"Da su na ci zamanin da ko labarinka babu. Me ka samo?"

"Gwanki."

Ta ajiye ludayin da take dama fura. "Ƙarya kake, ja'iri. Rabona da gwanki tun muna tafe da shanu ni da kakanka. Ai mutane sun cinye su."

"Saura ɗaya, yana cikin nan." Ya shafa kyamarar.

"Cikin wannan ɗan gwangwanin?"

"In an wanke zan kawo miki, ki rataye a ɗaki ki riƙa kallon wanda ya fi ki kyau."

"Yaushe?"

"Wani hutun, in Allah ya kai mu."

"Wani hutun! Da wannan yanar da ke cin idona kullum?"

Ya yi dariya, ya rataye kyamarar a dirkar rumfa, ya tafi sallar La'asar yana ɗingishi. Ko kaɗan bai kawo komai a ransa ba.

Da ya dawo sai ya tarar da ita tsaye a tsakar gida. Kyamara na kan turmi, bayanta a wangame. Ta zaro fim ɗin zarara kamar hanjin akuya, ta ɗaga shi saitin rana, ta kanne ido ɗaya.

"Na kama ka! Na duba tun daga kai har gindi, ko ɓera babu."

Ɗantani ya zauna daɓas a ƙasa. Duk gajiyar da murna ta danne ta taso masa lokaci guda. Ya so ya yi ihu, to amma wa yake yi wa kakarsa ihu?

"Kin kashe ni, tsohuwa."

"Ko taɓa ka ban yi ba."

"Abin nan ba ya son haske. Da rana ta gan shi, shi ke nan, ya goge."

"Gwankin da ya girma a rana, shi zai ji tsoron rana?"

"Maharba sun bi shi da bindiga sun gaji. Ke kin gama da shi da farce ɗaya."

Ta jira ya yi dariya, bai yi ba. Ta dubi fuskarsa. Ta hau naɗe fim ɗin da sauri, tana cusa shi cikin kyamarar, tana danna murfin da tafin hannu.

"To ga shi na mayar. Ai bai yi nisa ba."

"Ya tafi, Inna."

Rabon da ya kira ta Inna tun yana yaro. Ta lallaba ta zauna kusa da shi a ƙasa, gwiwoyinta na ƙara. Awaki na ta kuka a turke.

"Ɗoki ne ya ci ni," in ji ta a hankali. "To faɗa mini. Fuskarsa fa?"

"Baƙi da fari, kamar an zizara masa kwalli. Kunnuwa zaƙo-zaƙo. Ya ɗago kai, ruwa na ɗiga daga bakinsa, ya tsura mini ido."

"Ya ce me?"

"Ya ce in gaida tsohuwar nan mai ɓarna."

Baraka ta rufe ido, ta daɗe ba ta buɗe ba. "Shi ne," ta ce. "Wallahi shi ne. Ashe suna nan." Ta goge fuska da bakin zane, ta saki dariya. "Na yarda, ka gan shi. Na ci kaina tara. Kwance jan bunsurun can ka kai kasuwa, ka sayo wani hanjin, ka koma."

"Bunsuru a madadin gwanki?"

"Shi ma da ƙahonsa. Tashi, angona, ni ba ni da wani hutun jira."

Ɗantani ya dubi bunsurun, ya dubi kumburarrun ƙafafunsa. Dariya ta ƙwace masa har da ƙwalla. Ya dafa turmi ya miƙe, ya nufi turken yana ɗingishi.