Gagara-Allura

Duk Kasuwar Daji an san na sha maganin ƙarfe tun ina saurayi, ga boko har aji uku. Don haka ranar da aka kawo rigakafin korona, tsofaffi suna ta noƙewa, ni na shige gaba. Na naɗe hannun riga, na ce wa ma'aikaciyar lafiya mai yin allurar, "Ɗiyata, tanadi allura ta biyu, wagga karyewa za ta yi."

Ta ce, "To, Baba."

Allura ta shige kamar an soki dafaffiyar kabewa. Salatin da na saki har awaki sai da suka watse.

Ta ce, "Baba, a kawo ta biyun?"

Har yau in na je sayen nama, mahauta sai su ce, "Ku ɓoye wuƙaƙe kada su karye, Gagara-Allura ya iso."