Man Shanu a Takalmin Ƙanƙara

Abubuwa da yawa sun fara zame min yanzu, har sunayen jikoki sai na jera uku kafin in faɗa kan wanda nake nema. Amma ranar Lahadin nan ta shagon takalma a Alexandria ta nan ƙasar Turawa ba zan taɓa mantawa da ita ba, don ranar na sha kunyar da ban taɓa shan irinta ba, kuma a gaban surukina. (Ni ban yi boko ba, 'yar maƙwabta ce take rubuta min. Na ce mata in kuka ya zo min ta ajiye biro ta jira, don har yau ba na iya ambaton Malam ido a bushe.)

Malam shi ne mijina, Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Baduku ne tun kakanni, a cikin birnin Kano ya yi sana'arsa. Da ƙarfi ya fara ja baya sai autarmu Rabi da mijinta Injiniya suka ɗauko mu zuwa gidansu a nan Gaithersburg, wai mu huta. Babbar 'yarsu Nusaiba lokacin ta fara zama budurwa, kuma ta kamu da son wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda suke ce wa siki. Mutum ya ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa, a kai shi kan dutse, ya sulalo ƙasa a guje. Mu da muke addu'ar kar santsi ya kwashe mu a bakin ƙofa, su kuma takanas suke tafiya neman santsin.

Akwai ƙungiyar yara masu tsere a wani dutse can Pennsylvania, an kusa zaɓen waɗanda za su shiga. Tun bara yarinyar nan ba ta da zance sai shi. Abin da ya hana ta sakat kuwa takalmi ne. Ta gado ƙafar Malam, mai faɗi, da ƙashin nan da ya turo a gindin babban yatsa. Takalmin hayar da take sawa a dutsen kullum sai ya bar mata kanta da ciwo a ƙafa, ta dawo tana ɗingishi. Sai ubanta ya ce a je a saya mata nata, a wurin wani Bature da aikinsa ke nan, daidaita takalmin siki da ƙafar mai shi. Malam na jin an ce takalmi ya ɗauki hularsa.

"Amaryata za a auna wa ƙafa ba ni a wurin? Ba a yi ba," in ji shi. Haka yake tsokanarta, ita kuma ta murguɗa baki ta amsa da Turanci, don tana jin Hausa sarai, mayarwa ce ke mata wuya.

Ni ban bi su ba. Da suka dawo Malam ko ruwa bai sha ba ya hau ba ni labari.

"Hajiya, yau na ga mutumin da ya san ƙafa. Dattijo ne fa da furfurarsa, amma ya durƙusa a gaban yarinyar nan kamar mai neman gafara. Bai taɓa takalmi ba sai da ya gama da ƙafar. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya ce ta tsaya, ya ce ta tsuguna, ya latsa nan ya latsa can."

Ya ce takalmin biyu ne a haɗe. Na waje roba ce mai tauri kamar bokiti, da maƙalan ƙarfe. Na ciki kuma mai laushi ne kamar soso. Baturen ya zare na cikin, ya sa ta zura ƙafa a ƙoƙon robar tsura, ya zura yatsunsa a bayan dunduniyarta ya ji yawan filin da ya rage. Sannan ya gasa na sosan a wani ɗan akwatin zafi, ya sa mata shi da ɗuminsa, ta tsaya cak har ya huce ya ɗauki siffar ƙafarta. Wurin ƙashin nan kuwa ya ɗumama robar da wani abu mai hura zafi, ya turo ta waje kaɗan, daidai wurin kawai. Har shimfiɗar tafin ƙafa ya yi mata tata ta kanta.

"Mu fata muke lallashi, shi roba yake lallashi," in ji Malam, "amma wallahi hannun ɗaya ne."

Na kalli takalmin na kalli Malam. Na ce, "Kai da ka yi wa manyan gari takalmi, yau bokiti kake yabo?"

Baturen ya ce ta riƙa sa shi a gida tana ɗan zagayawa kafin ranar zuwa dutse. To nan fa hankalina ya tashi. Sai ka ji ta a kicin ƙwas, ƙwas, ƙwas, gwiwa a lanƙwashe, kamar wadda aka ɗaure wa turmi a kowace ƙafa. Kuma da wata safa 'yar siririya guda ɗaya, a wannan sanyin!

Na ce, "Ke, bai matse ki ba?"

Ta ce, "Ya matse, Kaka. Haka ake so."

Haka ake so! Ni da na raini yara bakwai, ban taɓa saya wa ɗa takalmi daidai ƙafarsa ba, sai da sauran wurin girma. A raina na ce yarinyar nan kunya take ji ta faɗa wa ubanta an cuce shi.

Kuma ni matar baduku ce. Na sha ganin yadda ake buɗa takalmin da ya matse: a shafe cikinsa da mai, a cusa jiƙaƙƙen tsumma a danna sosai, a ajiye a wuri mai ɗumi. Ranar Juma'a da hantsi yara suna makaranta, Malam ya bi Injiniya masallaci, na ja takalman nan zuwa ɗakina. Na ɗauko man shanuna da na soya da albasa don miyar kuka, na shafe cikinsu tas, ban yi rowa ba. Na buɗe ƙullin ƙyallayen da tela yake maido min in ya yi min ɗinki, na jiƙa, na dinga cusawa ina dannawa da muciya. Sannan na jera su a gaban 'yar hitar da nake kunnawa saboda ƙafafuna, na ƙure ta. Kafin la'asar na zare tsummokaran, na goge, na mayar da takalman cikin jakarsu na ja zif. (Har wani daɗi nake ji, irin na wanda ya yi sadaka a ɓoye.)

Ranar Asabar suka tafi dutse gwaji na ƙarshe, saura mako guda a yi zaɓe. Da yamma Nusaiba ta shigo ido jajur, ta wuce ɗaki ko gaisuwa babu. Rabi ta ce ƙafar dama yawo take a ciki, dunduniya tana ɗagawa, ta hagu kuma yatsu sun dunƙule har sun mutu. Ta faɗi ya fi a ƙirga, mai koyar da su ya ce in haka za ta yi mako mai zuwa gara ta bari sai baɗi.

To ku ji wautata. Ko kaɗan ban kawo cewa aikina ne ba. Cewa na yi takalmin da har man shanu ya kasa gyarawa ai tun asali lalatacce ne. Da aka ce gobe za a mayar wa Baturen, na ce da ni za a je. Na ɗauko sabuwar atamfata shuɗiya mai zanen ganye rawaya, na ɗaura, na yafa mayafi a kan rigar sanyi, kamar mai zuwa kai ƙara.

Shagon cike yake da mutane, iyaye da yara, kowa a zaune a kan dogon benci da ƙafa a miƙe. Baturen ya gane Malam, suka gaisa hannu bibbiyu. Ni kuwa ban jira an ba ni wurin zama ba.

"Auta, gaya masa ya ji tsoron Allah. Gaya masa mu ba baƙin takalmi ba ne, a gidan takalmi na tsufa. Ya ɗaure ƙafar yarinya kamar ta ragon layya, ga shi ya sa ta kuka."

Rabi ta faɗi wasu 'yan kalmomi da ba su kai rabin nawa ba. Na ce, "Ki faɗa duka, ina lura da ke."

Mutumin bai ɓata rai ba. Ya durƙusa, ya kalli Nusaiba, ya tambaye ta inda yake mata ciwo, yana saurare kamar likita. Sannan ya buɗe maƙalan ya zaro na sosan. Yana zarowa ya tsaya. Ya kai hanci. Ya sake kai hanci. Ɗumin shagon ya taso da ƙamshin nan, sai ga wuri ya ɗauka kamar an sauke tuwo. Wata mata a gefe ta fara waige-waige.

Ya zaro shimfiɗar tafin ƙafar, ta lanƙwashe kamar busasshen ganda. Ya zura hannu can ƙurya a na hagun, ya laluba, ya jawo wani abu a dunƙule. Ya warware shi a hankali a kan gwiwarsa.

Ƙyalle ne shuɗi mai zanen ganye rawaya.

Jama'a, na ga idon mutanen nan yana tashi daga gwiwar Bature ya sauka a kan zanina, ya koma, ya dawo. Injiniya, surukin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba, ya sunkuyar da kai yana ta kallon igiyar takalminsa. Rabi ta ce, "Inna!" ta rufe baki da mayafi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige ban yi sallama ba.

Sai na ji Malam ya yi gyaran murya. Ya dafa ƙirji ya ce, "Rabi, gaya masa ni ne. Tsohon baduku ne ya ga takalmi hannu ya yi masa ƙaiƙayi."

Rabi ta ce, "Baba, ƙyallen fa?"

"A ƙullinta na sata."

Mutumin da ya dawo gida yana yabon aikin nan kamar ya ga abin al'ajabi, shi ne ya yarda a ɗauke shi wanda ya ɓata shi, a gaban mai aikin. (Dakata kaɗan, 'yata. To, rubuta.) Na ce, "Malam, bari. Ni ce." Nusaiba ta juyo da hawaye, ta haɗa Hausarta da ƙyar: "Kaka, don me?" Na ce, "Na ga ya matse ki ne, uwata."

Rabi ta fassara wa Baturen komai, wannan karon ba ta rage ba. Na jira ya yi dariya ko ya yi faɗa. Sai ya matso da kujera ya ce in zauna. Ya sa Nusaiba ta zura ƙafa a wani sabon takalmi, ya kama hannuna ya ɗora a ƙwaurinta, ya ce ta lanƙwasa gwiwa. Na ji yadda ƙafa da takalmi suke tafiya tare kamar abu ɗaya. Ya ce da ƙafa ake juya katakan nan, in ƙafa tana yawo a ciki to yarinya za ta ce dama, katako ya yi hagu. Yatsu su ɗan taɓa gaba in tana tsaye, in ta lanƙwasa su ja baya, dunduniya kuwa kar ta motsa ko kaɗan. Matsewa daban, ciwo daban. Safa mai kauri ma, in ji shi, jini take tarewa ƙafa ta fi yin sanyi. Daga ƙarshe ya faɗi wata magana da ta sa Rabi dariya har da hawaye. Wai ya ga takalman da kare ya tauna, ya ga waɗanda aka manta a kan murhu, amma bai taɓa ganin ɓarnar da ta sa shi jin yunwa ba sai yau.

Na sosan bai gyaru ba, sai da aka sake sabo. Ya sake gasawa, ya sake shimfiɗar tafin, ya liƙa wasu 'yan sosuna a gefen idon sawu don su riƙe dunduniya. Malam yana tsugune kusa da shi yana miƙa masa kaya, ba mai jin yaren wani, amma sai ka ga ɗaya ya nuna wuri da yatsa ɗayan ya gyaɗa kai. Ban taɓa ganin Malam cikin farin ciki a ƙasar nan kamar ranar ba.

Muka shiga mota muka hau babban titi. Can Malam ya karkato ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, duk zaman da muka yi, ki tashi ɓarna ki ƙi gayyatata? Ai da na ba ki tsumman da ba a san mai shi ba."

Na ji Injiniya yana tarin ƙarya a gaba.

Ranar zaɓen da mu aka je. Muna zaune a ɗakin shan shayi a gindin dutsen, ta bayan gilashi, sai ga wani ɗan abu ja-ja yana gangarowa daga sama, yana karkata nan ya karkata can tsakanin sanduna. Malam ya miƙe tsaye, "Ita ce! Dubi ƙafar, Hajiya, dubi ƙafar!" Ni ban ga ƙafa ba, ido na rufe ina salati. Ba ita ta zo ta ɗaya ba, amma an ɗauke ta. Ta shigo da takalman nan ƙwas, ƙwas, ta rungume ni da sanyin jikinta, ta ce, "Kaka, kar ki taɓa." Na ce ko da kuɗi.

Sanyi biyu Malam ya ƙara a duniya. A nan aka binne shi, nesa da Kano, ranar ma ƙanƙara tana zuba. Har yau in na ga abu ya matse, ko riga ce a jikin jika ko zama ne tsakanin Rabi da mijinta, hannuna ƙaiƙayi yake in je in sassauta. Amma na koyi in tambaya kafin in taimaka. Kar ku ce hankali na ƙara. Da can in na yi ɓarna akwai mai dafa ƙirji ya ce shi ne. Yanzu duk wadda na yi tawa ce ni kaɗai, shi ya sa na rage.