Faifai Marar Suna a Walimar Jikata

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren jikata Bilkisu ba, kuma ko na so mantawa, tsofaffin unguwarmu ba za su bar ni ba.

Bari in fara faɗa muku ko ni wane ne, don ku san tsayin wurin da na faɗo. Ƙuruciyata a jiragen ruwa na dakon kaya na yi ta, a ɗakin inji. Na sauka a Hambug, na sha shayi a Iskandariya, na yi jinyar zazzaɓi a Abijan. Ina jin Turanci da Faransanci da Larabci, da ɗan Jamusancin da zai ishe ni cinikin kifi da tambayar hanyar masallaci. Da ƙarfi ya fara ja baya sai na dawo ƙauyenmu kusa da Watari, na kama noman albasa da tumatir a bakin dam. Abin da na dawo da shi daga yawon duniya bai wuce garmaho ɗaya da akwatin katako cike da faya-fayai ba. (Matata Hajiya ta ce wasu mazan filaye suke saya da kuɗin tafiya. Na ce mata fili ba ya waƙa.)

Abokin gardamata shi ne Malam Sule. Tare muka tashi, shi ya tafi Ingila karatu, ya dawo ya koyar a Bici har ya yi ritaya. Shi ma yana da nasa akwatin. Matsalar ita ce, ni mutumin rok ne, kiɗan nan mai jita mai gurnani da ganga mai dukan ƙirji, shi kuma mutumin pop ne da disko, waƙoƙin da aka yi don ƙafa ta motsa kawai. Nakan ce masa na ji kiɗan ƙasashe da yawa, kuma ko'ina iri biyu ne: akwai na masu gumi, akwai na masu turare. Rok ɗan'uwan gangar noma ne. Pop kuwa alewa ce, ka tsotsa ta narke, ta bar ka da ƙishirwa.

Shi kuma yakan ce, "Alhaji, injin jirgi ne ya ɓata maka kunne. Ƙararsa kake nema a faifai."

Haka muka yi shekaru a gindin darbejiyar ƙofar gidana, har jikansa Nura ya nemi auren Bilkisu. Ranar da aka sa rana, mai unguwarmu, Alhaji Idi, ya ce ya gaji. "Kuna shirin zama surukai kuna musu a kan waƙar Turawa. A gama shi ranar walima. Kowa ya kawo faifai ɗaya, mu da ba mu da ɓangare mu saurara mu yanke." Malam Sule ya ce a ƙara gishiri: wanda aka kayar ya ɗauki akwatinsa dungurungum ya kai wa ɗan'uwansa. Na amince tun kafin ya rufe baki.

Dalilin saurin amincewata kuwa, ina da makamin da bai taɓa ji ba. Wani babban faifai ne da na saya a kasuwar titi a Hambug, ba kwali, takardar tsakiyarsa fara fat, ba suna ba rubutu. Ranar da na fara ɗora masa allura sai da tsikar jikina ta tashi. Ganga ce mai tafiya a hankali kamar bijimi yana jan garma a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai wata muryar namiji mai kauri ta taso daga can ƙasa tana roƙon kada a tafi a bar shi. Na daɗe da yanke cewa mawaƙin ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, ko mai haƙar kwal. (Har gemu na yi masa a zuciyata, da tabo a goshi.) Ban taɓa kunna wa Malam Sule shi ba, saboda a ganina kunnensa bai cancanta ba.

Ranar walima, bayan la'asar, baƙin nesa sun watse, aka shimfiɗa tabarmi aka jawo waya daga batirin sola. Dattawa suka zauna da ragowar lemo a hannu, mata suna leƙe ta katanga. Na sa farar babbar rigata mai aska.

Malam Sule ya fara. Wata waƙa ce mai tsalle-tsalle, 'yan mata uku suna amshi. Ba laifi, na ga yatsun ƙafar mai unguwa suna motsi, amma da ta ƙare wani dattijo cewa ya yi, "Ta yi daɗi, sai dai kamar ana koran su."

Sai na miƙe. Ban kunna kai tsaye ba, sai da na yi jawabi (wannan jawabin shi ya fi ƙona mini rai har yau). Na ce a Masar na ji masu jan ƙuri'ar murya har mutum ya yi hawaye, a Abijan na ji gangunan da ke magana, amma ban taɓa jin baƙin cikin namiji kamar na wannan bawan Allah ba. Na ce yana kukan rabuwa da ƙasarsa ne. Na ce irin wannan murya ba a samun ta a wurin masu shafa mai a gashi, ina faɗa ina kallon Malam Sule.

Na ɗora allura. Gangar ta fara takawa, muryar ta taso. Na ga dattawa suna gyaɗa kai. Wani ya ce, "Wannan ya san wahala." Mai unguwa ya lumshe ido ya ce, "Kamar kiɗan gayya da rana ta take." Ba a ma jira ta ƙare ba, hannuwa suka tashi, duk nawa ne. Na fara tunanin inda zan ajiye akwatin Malam Sule, da yadda zan hana jikoki taɓa shi.

Shi kuwa Malam Sule kunne ya kasa. Ya karkata kai, yana buga gwiwarsa da yatsa, amma bugunsa ya fi na gangar sauri. Can sai na ga leɓensa yana motsi, yana riga mawaƙin isa ƙarshen baiti.

"Alhaji," ya ce a hankali, "ka ba ni izini in taɓa garmahon nan?"

"Taɓa mana. Ka yi bankwana da irinsa."

To, garmaho yana da wani ɗan maɓalli mai gefe biyu, ɗaya na juyi a hankali, ɗaya na sauri. Abin da na koya tun a jirgi shi ne, manyan faya-fayai a hankali ake juya su, ƙanana da sauri. Ban san masu gidajen rawa suna buga nasu manyan da ake juyawa da sauri ba, don ban taɓa shiga gidan rawa ba. Malam Sule ya sa ɗan yatsa ya tura maɓallin.

Bijimina ya zabura ya koma ɗan akuya. Mai haƙar kwal, da gemunsa da tabonsa, ya rikiɗe ya zama wata yarinya mai zaƙin murya, tana roƙon saurayinta kada ya bar filin rawa tun kiɗa bai ƙare ba. Disko ce tsantsa, irin wadda na yi rabin rayuwata ina kira alewa.

Malam Sule ya gyara hula, ya ɗan taka sau biyu a kan tabarma da tsofaffin gwiwoyinsa. "Da wannan muka yi bikin gama karatu," in ji shi. "Sannu da ƙoƙari, Alhaji. Shekara da shekaru kana riƙe da yarinyar mutane, ka hana ta sauri."

Dariyar da aka yi har awakin maƙwabta sai da suka amsa. Mai unguwa ya ƙware da lemo. Ta bayan katanga na jiyo muryar Hajiya tana cewa, "Ai da fili ya saya." Ni kuwa ina tsaye cikin babbar riga, da harsuna huɗu a bakina, na rasa wanda zan yi magana da shi.

Da aka lafa, mai unguwa ya ce shari'ar ta rikice: faifan da ya ci nawa ne, amma waƙar ta gidan Malam Sule ce. Ya ce a bar shi kunnen doki. Na ce a'a. Na zo kare rok ne, kuma rok bai ko shiga fili ba, pop ce ta kara da pop. Na shiga ɗaki na ɗauko akwatina da hannuna, ban bar kowa ya taya ni ba, na bi ta tsakiyar unguwa da shi a ka har zauren Malam Sule. Ya ce wasa ne, in mayar. Na ce ni ban iya wasa da magana ba. Wannan kam ina alfahari da shi, ko da yake wuyana ya yi mako yana tuna mini.

Akwai kuma wani abin alfaharin. Bilkisu a gidan Malam Sule take zaune yanzu, ɗakinta yana jikin zauren. Da ta zo gaishe mu ta rage murya ta ce, "Kaka, kada ka ce ni na faɗa. Baba Malam yakan kunna farin faifan nan idan ba kowa."

Na ce, "Ai tasu ce, dole ya kunna."

Ta ce, "A hankali yake sa shi. Da muryar namijin."

Darasin da na ɗauka shi ne, idan abu ya yi maka nauyi da zurfi, kafin ka tara jama'a ka yi jawabi, duba ka gani ko kai ne ka rage masa gudu. Amma ban janye maganata ba: waƙar ta fi kyau yadda na ɓata ta, dattawan unguwa sun ɗaga hannu a kan haka, kuma surukina ya sani.