Akwatin da Turawa Suka Kawo Bikin Hadiza

Duk abin da tsufa zai karɓe mani ya karɓa, haƙora ne, gani ne, amma ba zan taɓa mantawa da jajibirin ɗaurin auren jikata Hadiza ba. Ko yanzu in na tuna sai in ji zufa ta tsattsafo mani a ƙeya, alhali an kwana biyu, tun lokacin da Turawa ke bin hanyar Yamai zuwa Ƙonni ba fargaba.

Bari in gaya muku ko ni wace ce a Illela, don ku san daga inda na faɗo. Ban yi boko ba, ko ƙofar aji ban taɓa leƙawa ba, amma in aka yi rasuwa a unguwarmu ni ake fara tasowa. Ni ke wanke gawar mata, kuma ni na san yadda ake shiga gida a sanar da uwa ɗanta ya tafi ba tare da ta yanke jiki ta fasa kai ba. Wannan aiki ba da baki ake yinsa ba. Ba a shiga a ce wane ya mutu. Sai ka sauke tukunya daga murhu, ka shimfiɗa tabarmi, ka kira manya, ka zauna kusa da mai abin ka riƙe hannunta, kafin ka yi magana ita da kanta ta gane. Har daga Tozai da Gidan Katta an zo an ɗauke ni a mashin saboda haka. In na ce an yi rashi, ba mai cewa bari ya je ya duba. (Kuma ina taƙama da abina, ba zan yi maku ƙarya ba.)

Angon Hadiza, Isuhu, ɗan Ƙonni ne, iyayensa abokan cinikin albasar ɗana Alhaji ne. Yaron ya yi karatu a Faransa, ya dawo yana aiki a Yamai, kuma ranar ake jiran isowarsa kafin azahar. Alhaji ya tafi Sakkwato ɗauko baƙi tun da safe, ya bar mani gida. Tsakar gida cike da mata, ana daka, ana suya, masu kalangu suna ƙofar gida suna wasa ni da ubana da kakana.

Ina zaure ina raba goro sai ga mota mai lambar Nijar ta tsaya. Turawa uku suka fito: wani dogo mai sanƙo, wani gajere mai gemu, da wata mace siririya kamar sillen kara. Ban ko dube su sosai ba, don idona ya riga ya hau saman motar. Wani farin akwati ne a ɗaure, tsawonsa ya fi na mutum. Ga wuya, ga kafaɗu, ga ƙugu. Nan take na ce gawa ce, domin na taɓa ganin yadda aka kawo wani mutumin garinmu da ya rasu a Abijan, a cikin akwati aka sauke shi.

Samari suka zo za su fizgo shi kamar buhun albasa, dogon Baturen ya yi tsalle ya tare su. A kafaɗa aka ɗauke shi, a hankali, shi yana tallabe da wajen kan. Fuskarsa ja wur, idanunsa sun kaɗa, sai sharewa yake da hankici. Direban ya ce a ba su ɗakin da ya fi sanyi. Aka kai su ɗakin Alhaji na zaure, Baturen ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya kwantar da akwatin a kan gefensa. A kan gefensa, jama'a, yadda muke kwantar da mamaci. Ya rufe taga, ya shafa shi tun daga sama har ƙasa, ya zauna a bakin ƙofa ya dafe kai. Aka kawo masa abinci ya girgiza kai, ruwa kawai ya karɓa.

Na duba cikin motar, babu Isuhu. Na sa wata ta kira wayarsa, a kashe. Direban ya juya ya tafi, kuma ko da ya tsaya ba zan tambaye shi ba, don a wurina tambaya aikin wanda bai san aiki ba ne. Na ce a raina Allahu akbar, yaron nan ya rasu a hanya ko a hannunsu, abokansa sun kawo shi, ga ba su da Hausar da za su faɗa, Allah ya sa ni ce a gidan.

Ban taɓa yin aiki mai kyau irin na ranar ba. Na je na danƙa wa masu kalangu goro na raɗa masu su tafi sai an neme su. Na shiga na sauke tukunyar shinkafa da hannuna, na ɗora ruwa, na sa aka tsinko ganyen magarya aka zuba. Na bi mata ɗaya bayan ɗaya ina taɓa masu gwaggwaro, suna dubana suna kwancewa suna jawo hijabi. Babu wadda ta tambaye ni ko wane ne. Na aika a kira Liman, na tura samari maƙabarta da diga da shebur, na ce su yi da jiki, ana zafi, ba a san tun yaushe yake cikin akwati ba. Na buɗe adakata na ciro likkafanina, wanda na wanko da zamzam na ajiye wa kaina, na ce ba komai, ɗa na kowa ne.

Sannan na shiga wurin Hajiya Mariyama, gwaggon ango, wadda ta goye shi ta raine shi, ta zo daga Ƙonni da kayan lefe. Na zauna kusa da ita na riƙe hannunta. Ta dube ni, ta dubi likkafanin.

"Hajiya, mi yaf faru? Isuhu na?"

Na sunkuyar da kai na ce sai haƙuri, duk mai rai mamaci ne.

Kukan da matar nan ta saki har kan iyaka an ji shi. Gida ya ɗauka. Na yi umarni kada a gaya wa Hadiza, tana gidan maƙwabta an ƙunsa mata lalle, amma kuka ba ya jiran ɗan aike. Sai ga ta da gudu, ƙafafu ɗaure da leda, tana santsi tana faɗuwa, ta zube a jikina. Na rungume ta ina cewa Allah bai yi ba, ina hawayena na gaske.

Abin da ya fi ba ni mamaki Turawan nan. Macen ta leƙo tsakar gida tana murmushi, har ta ɗaga waya tana ɗaukar mu hoto. Gajeren kuwa ya jingina da bango yana gyaɗa kai yana buga cinyarsa daidai da tashin kukan mata. Na ce lalle zuciyar waɗannan dutse ce, dogon ne kaɗai mai imani. (Ashe sun ɗauka al'adar bikinmu ce.)

Liman ya iso da dattawa biyu. Na miƙa masu bokitin ruwan magarya da likkafani, na bi su har bakin ɗakin. Dogon Baturen yana ganin ruwa ya nufi akwatin sai ya miƙe ya buɗe hannuwa ya tare ƙofa, yana ta zuba Faransanci. Liman ya lallashe shi, ya ƙi. Wani dattijo ya raɓa ta gefensa ya kai hannu ga maɓallin akwatin, Baturen ya faɗa kan akwatin ya rungume. Nan raina ya ɓaci. Na shiga na tsaya a kansa na ce masa mun gode da ɗawainiya, amma ɗanmu ne, Musulmi ne ɗan Musulmi, ba za a sa shi ƙasa ba wanka ba, ya ɗaga ko in sa a ɗaga shi. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga idona. Ya dubi likkafani, ya dubi matan da suka cika zaure suna sheshsheka, sai na ga bakinsa ya buɗe a hankali. Ya durƙusa ya ɓalle maɓallan da kansa, ya ɗaga murfin.

Na riga na toshe hanci da mayafi, na fara salati.

Katako ne. Jan katako mai sheƙi, da ƙaton ciki, da dogon wuya, kansa a naɗe kamar ƙahon rago, da tsirkiya huɗu kauri kamar igiyar guga. Dattijon nan ya sa yatsa ya ja tsirkiya ɗaya, abin ya yi wani gurnani da na ji har cikin hanjina. Liman ya daɗe yana dubansa, sannan ya juyo gare ni, da ladabinsa.

"Hajiya, wanga ai goge na."

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa sai na ce to, in goge ne, ina Isuhu? Ban rufe baki ba na ji sallama a bayana. Ga shi tsaye, ya yi buɗu-buɗu da ƙura, a bayansa wata a-kori-kura ɗauke da ganguna da wani akwatin kuma. Motarsu ce ta mutu kafin Ƙonni, wayarsa ba caji, ya turo abokansa gaba a motar haya ya tsaya neman wadda za ta ɗauko sauran kayan kiɗa. Makaɗa ne, abokansa tun Faransa, ya gayyato su ne ya ba amarya mamaki, Alhaji kaɗai ya sani. Dogon kuma ba kuka yake ba, zafin Illela ne ya dafa shi, tsoronsa kada rana ta tsaga masa katako.

Isuhu ya ga tabarmi, ya ga hijabai, ya cire hula ya ce inna lillahi, wa ya rasu? Wasu mata suka watsa da gudu har da masu barin takalmi. Hajiya Mariyama ta zo ta shafa fuskarsa, ta murɗe masa kunne ta ji ya yi ƙara, sannan ta zauna daɓas a ƙasa. Liman ne ya yi masa bayani, yana yi yana tari. Yaron nan ya yi dariya har ya riƙe bango, ya dube ni ya ce:

"Haba tsohuwa, don na ƙi ki na ɗauki jikarki, shi ne za ki binne ni da raina?"

Ina neman abin da zan mayar masa (ni da ba a taɓa kayar da ni a wasan jika ba), sai ga samarin da na tura sun shigo, jiki duk jar ƙasa, diga a kafaɗa. Babbansu ya share zufa ya ce mani a gaban kowa an gama, sai a kawo.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, ramin ma a shirye yake, da ni zan shiga.

Haka aka mayar da su suka cike shi. Aka zubar da ruwan magarya aka mayar da shinkafa, ta ɗanyace ta caɓe. Aka bi masu kalangu aka dawo da su, kuma kafin su iso sun riga sun ji labari, don ina jin abin da kalangun ke faɗa a kaina. Alhaji da ya dawo ya ji, hularsa kawai ya cire ya dube ni ya mayar. Hadiza ta ce ba za ta yafe mani ba sai na zauna a sahun gaba an yi kiɗan a kan idona.

Bayan la'asar aka kafa su a ƙofar gida. Isuhu ya ce sunan kiɗan jaz. Macen ta zauna gaban nata, fiyano, mai haƙora fari da baƙi, tana bin su da yatsu kamar mai tsince shinkafa. Gajeren yana da ganguna da faya-fayan ƙarfe kewaye da shi, amma maimakon ya doka sai ya ɗauko 'yan tsintsiyoyi biyu yana shara a kan fata. Dogon ya tayar da mamacina tsaye, ya rungume shi ta baya, ya rufe ido yana jan tsirkiya. Babu mawaƙi, babu 'yan amshi, ba a ambaci uban kowa ba. Kowa ya kama hanyarsa kamar ba su san juna ba, wannan ta yi gabas, wancan ya yi yamma, ina cewa yanzu za su ɓata, sai su dubi juna su haɗu wuri ɗaya cak. Can sauran biyun suka yi ƙasa-ƙasa suka bar dogon shi kaɗai. Muryar abin nan kamar dattijo na magana a cikin rijiya. Tsakani da Allah ya yi mani daɗi, amma ban yarda na gyaɗa kai ba, don duk taron ba makaɗan suke kallo ba, ni suke kallo. Da ya gama ya duƙa mani ya ce wani abu, Isuhu ya fassara, wai ya zaga ƙasashe da gogensa, ba inda aka taɓa karrama shi irin Illela.

An ɗaura aure washegari lafiya, yanzu har da 'ya'ya. Ni kuwa ban daɗe ba na gane abin da na rasa. Wani tsoho maƙwabcinmu ya cika a gabana, ni na rufe masa ido, na tafi gidan 'yarsa na zauna na riƙe hannunta yadda na saba. Ta dube ni, hawaye sun taru, amma sai ta tsayar da su ta ce Hajiya, kin dai gani da idonki ko?

Na ce na gani. Ta aika mijinta ya je ya duba.

Tun daga nan na koyi abin da ya kamata in sani tun ina budurwa: komai sanin mutum, abin da ya zo a rufe a bari a buɗe, kuma masu diga su ne na ƙarshen kira.